Gaton Kanti a Farantin Sallah

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

  Uwargida, amarya, ƴammata masu koyon girki, har da maigida da ke kishingiɗe a zaure yana yi kamar ba da shi ake ba, sannunku duka. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Tirmini da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da na Takeita, da na cikin Damagaram, Birni da Zango.

Yau a kan kayan zaƙin Sallah za mu zanta, kuma wata ƙanwata da ke aure a Tirmini ce ta jawo zancen. Bara, ana saura kwana biyu Sallah, sai ga kiranta. Maigidanta ya dawo daga Kasuwar Dole da kwali guda na ƙananan gato na cikin leda, irin wanda yara ke saye a bitik, ya dire mata ya ce ga na baƙi. Ta ce mini, "Yaya, da wane ido zan miƙa wa dangin miji gato a leda, sai ka ce ƴan makaranta? Alkaki kuma ba ni da sukuninsa, ga goyo, ga aikin tuwon Sallah." Na ce ta kwantar da hankalinta, kada ta raba ko ɗaya, gasa shi za mu sake yi. Abin da muka yi da kwalin nan, da kuskuren da muka tafka a karon farko, shi zan ba ku yau.

Amma kafin mu hura wuta, a ba manya girmansu. Farantin Sallah a ƙasar Damagaram da masu shi: alkaki, nakiya, dublan, alewa, kantun riɗi. Sai dai in kin bi sunayen, za ki tarar wasunsu ma baƙi ne da suka daɗe har suka zama ƴan gari. Alkaki daga Larabci ya fito, ka'ak. Alewa daga halawa. Shi kansa sukari haka. Ba abin mamaki ba ne a garin da ayarin raƙuma daga Tarabulus ke sauka a Zango zamanin Sarki Tanimu. Gato kuwa baƙon baya-bayan nan ne, sunansa ma na Faransanci ne, kuma ku mutanen Tirmini kun fi kowa sanin ta inda Faransawa suka ɓullo, tunda a ƙasarku suka gwabza da dakarun Sarki Amadu Kuran Daga a watan Yulin 1899, kafin su shiga birni. Burodi da gato daga baya suka biyo sawu. Saboda haka ni ban ga abin kunya ba don gato ya samu gefe a faranti. Abin kunyar shi ne a kawo shi a bushe, yana maƙale wa baƙo a maƙogwaro har sai ya nemi ruwa.

Dabarar sake gasa abin da aka riga aka gasa ba mu muka fara ta ba. Alhazan da suka sauka a Makka ko Madina wataƙila sun ci karo da Ummu Ali, wani abin zaƙi na mutanen Masar: gutsattsarin burodi ko makamancinsa ake jiƙawa da madara mai zafi, a watsa zabibi da su gyaɗa, a mayar cikin tanda. A Amurka kuma suna da ƙananan gato na leda da kowane yaro ya sani, irin su Twinkie da aka fara yi a 1930, da Little Debbie da ya fito a 1960, wanda har yana da samfuri mai siffar bishiyar Kirsimeti da ke fitowa a ƙarshen shekara. In bikinsu ya zo, wasu matan sukan yayyanka irin waɗannan su jera a kwano mai shimfiɗar ƙullu, su kwarara ƙwai da madara da bota, su gasa ya fito da laushi yana danƙo. Su fai suke ce masa, Faransawa su ce tart. Ni da ƙanwata mai-danƙo muka raɗa masa, sunan kuma ya zauna a gidanmu.

To, ga tambayar da nake so kowace mai saurare ta yi wa kanta. Me ya sa gaton da kika gasa da hannunki yake furfura cikin kwana uku ko huɗu, amma na leda yake wata da watanni a kan kanta bai canza ba? Ba asiri ba ne. Masu masana'anta sun rage masa ruwa, sun ƙara masa sukari da mai, sau da yawa sun sa masa sinadarin hana furfura, sannan sun rufe shi ruf a ledar da iska ba ta shiga. Ƙwayoyin cuta ruwa suke nema. Inda sukari ya yi yawa yakan riƙe ruwan ya hana su. Kakanninmu ba su shiga makarantar boko ba, amma wannan ilimin ne a cikin alkaki: an soya shi ruwa ya fita, an tsoma shi a zuma ko ruwan sukari, shi ya sa ake kai shi gara ya yi makonni a ɗakin amarya. Nakiya ma ta fi shi jimiri.

Daga wannan abubuwa biyu suka fito, kuma duk sauran shirin a kansu ya rataya. Gaton kanti ya riga ya ƙoshi da sukari, ba ya bukatar ƙari; ruwa ya rasa. Sannan da zarar kin ba shi ruwan nan, madara da ƙwai, kin kwance masa layar da ke tsare shi. Ya tashi daga abin ajiya ya koma abincin yini ɗaya.

(Gajeren kiɗa)

Mu fara daga kanti, don a can ake yin rabin kuskuren. Maigida, kai ne mai cefane, matso kusa da rediyo. Kayan da ke cika bitik ɗinmu daga wurare da yawa suke zuwa, wasu daga Kano ta Magariya ko Matamaye, wasu daga Aljeriya ta Agadas, wasu ta teku daga nesa. Sun sha rana a bayan mota kafin su iso. Ka juya ledar ka nemi kwanan wata. Galibi biyu ne: ranar da aka yi shi da ranar da wa'adinsa zai cika, wadda a kan kaya da yawa ake sa mata haruffa uku, E, X, P. In ba ka iya karantawa ba, ba ɗan makaranta ya duba maka, ba faɗuwa ba ce. Kayan Najeriya kuma ka duba lambar hukumar NAFDAC a jiki. In ka ga wurin kwanan watan an kankare, ko an manna wata takarda a kai, mayar masa da abinsa. Gab da Sallah ne ake fito da kayan da suka kwana biyu a karya musu kuɗi, araha kuwa ba ta ado.

Uwargida, in kaya sun iso gida, sauran binciken naki ne. Matsa ledar a hankali. In iska na fita ta wani wuri, ta huje, ware ta gefe. Buɗe ɗaya ki shinshina. Man da ke ciki in ya tsufa yakan yi wani wari kamar na man gyaɗar da ya daɗe a kwalba, kuma wuta ba ta kore shi, ƙara fito da shi take yi. In kin ga ɗigon kore ko baƙi ko da a gefe ɗaya ne, kada ki yanke wurin ki ce saura lafiya lau. A abu mai laushi irin wannan, furfurar ta riga ta yi jijiya a ciki inda ido ba ya gani. Wani abu kuma, musamman a kan kayan da suka fito daga Turai: a sa mai karatu ya duba jerin abubuwan da aka haɗa. In an ga kalmar gélatine ba tare da alamar halal ba, ko porc, ko rhum, ko alcool, a bar shi.

Wane iri ya fi dacewa? Wanda ba shi da komai a ciki, irin ɗan gaton nan da ake kira madelen, ko mai kofin takarda. Mai kirim a tsakiya ma yana yi, sai dai kirim ɗin mai ne da sukari, zai narke ya bi ko'ina, don haka sai ki rage bota. Mai rufin cakulan yana ba da launi mai kyau amma yana saurin ƙonewa a sama.

Ga abin da za ki tanada, na kwano mai faɗin taƙi ɗaya da ɗan ɗori, mai zurfin gaɓar yatsa biyu. Ƙananan gato guda goma. Biskit marar kirim, irin su Cabin ko Marie, kimanin giram 200. Man shanu ko bota cokali shida na cin abinci. Soyayyar gyaɗa cikin tafi biyu. Dabino guda ashirin. Ƙwai uku. Madarar gwangwani mai kauri mai zaƙi, rabin gwangwanin nan na giram 397. Madarar gari cokali huɗu a dama a kofi ɗaya na tafasasshen ruwa da ya huce. Lemun tsami ɗaya, ɗan gishiri, garin citta, da ɗan kanumfari ko gyaɗar ƙamshi. Kun lura ban ambaci sukari ba. Ban manta ba ne.

A karon farko ni da ƙanwata mun zuba gwangwanin madara gaba ɗaya, muka ƙara sukari rabin kofi, wai don ya yi danƙo. Danƙo kam ya yi, har ya kama wuƙa. Amma surukarta, Allah ya ƙara mata lafiya, loma ɗaya ta kai ta ajiye, ta ce, "Ƴar nan, wannan ai sai ƙudan zuma." Yara ne kawai suka cinye, su ma da daddare aka sha kukan ciki. Madarar nan mai kauri fiye da rabin nauyinta sukari ne. Gwangwani ɗaya ya haura giram 200 na sukari shi kaɗai. Asalinta ma don ajiya aka ƙirƙiro ta, wani Ba'amurke Gail Borden ya yi rajistar dabarar ƙafar da ruwan madara a 1856, zamanin da babu firigo; sukarin shi ne mai gadinta, kamar dai na alkaki.

Danƙon kirki daga dabino yake zuwa. Nan ne muka fi matan Amurka sa'a, don dabino a ƙofar gida yake, na Bilma da na Agadas da wanda ake kawowa daga Aljeriya. Busasshen nan mai tauri da ake karya haƙori da shi, shi ne ma ya fi araha kuma ya yi. Ki fasa kowane ɗaya ki cire ƙwallon, ki duba ciki da kyau, don ƙwari na son ɓuya a nan. Ki wanke, ki zuba masa ruwan zafi daidai kansa, ki rufe ya yi rabin awa, mai tauri sosai ya kai awa ɗaya. Sai ki tsane shi ki kirɓa a turmi har ya zama kamar ƙullin nakiya. Ruwan jiƙon kada ki zubar, cokali biyu ko uku za su shiga cikin haɗin.

Gyaɗa kuma a tsince ta ɗaya bayan ɗaya kafin a soya. Duk wadda ta yanƙwane, ta yi baƙi, ko take da ɗaci, a fitar. Irin wannan tana ɗauke da wata guba mai suna aflatoksin da ke lahanta hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Mutanen Magariya da Matamaye da suka tashi cikin noman gyaɗa sun san irin wadda nake nufi.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu aiki. Shimfiɗa ake fara yi, wato ƙasan da zai riƙe komai. Ki daka biskit a turmi mai tsabta wanda ba ya warin yaji ko daddawa. In turminki ɗaya ne, zuba biskit ɗin a leda mai kauri ki murƙushe da kwalba. Ya zama kamar tsaki, ba gari luƙui ba. Haɗa shi da rabin dakakkiyar gyaɗa, ki narka man ki zuba, ki murza da hannu. In kin dunƙula a tafi ya tsaya bai wargaje ba, ya yi. Shafa wa kwano mai, ki zuba, ki danne da gindin kofi, ƙasa da gefe-gefe har sama. Ki danne da ƙarfi, don in kin yi masa sako-sako ruwan madara zai ratsa ya kama gindin kwano. Wannan shimfiɗar babu ƙwai babu madara a cikinta, don haka kina iya yin ta tun daren jajibiri ki rufe, ki rage wa kanki aikin safiya.

Sai ruwan haɗi. Ƙwai ki fasa ɗaya-ɗaya a wani kofi daban kafin ki juye, kada rubabbe ɗaya ya ɓata miki duka; da zafin nan ƙwan kasuwa ba abin yarda ba ne. Ki kaɗa su, ki zuba rabin gwangwanin madara da kirɓaɓɓen dabino, ki matse lemun tsami cokali ɗaya, ki juya sosai. Za ki ga ya ɗan yi kauri, tsamin ne ya kama madarar, haka ake so. Sannan ki zuba damammiyar madarar gari a hankali kina juyawa, da gishiri ɗan tsunkule, da citta, da kanumfari kaɗan. Na ce kaɗan. Kanumfari sarkin mulki ne, in ya yi yawa ba a jin kowa sai shi. Gishiri da tsamin nan su ne ke karya zaƙin, su sa mutum ya iya cin yanka guda bai gundura ba.

Yayyanka kowane gato gida huɗu, ki jera a kan shimfiɗar, kada ki cusa, ki bar ƴan ƙofofi. Kwarara ruwan haɗin a kai ya shiga ko'ina, ki ɗan danna da bayan cokali. Daga nan sai haƙuri: ki bar shi minti goma zuwa sha biyar ya sha. Mai gaggawa a nan take faɗuwa, ta sa a wuta nan take, ya fito ruwa a ƙasa busasshen gato a sama. In ya sha, watsa sauran gyaɗar a kai.

Mai tanda ta gas ko ta lantarki, ki zafafa ta tukuna zuwa digiri 180, ki gasa minti 25 zuwa 30. Amma na san yawancin masu saurarena a Tirmini ba tanda gare su ba, kuma ba sa bukatarta. Ki samu babbar tukunya, tsohuwa wadda ba kya jin ciwonta, mai murfin da ke rufuwa da kyau. Ki zuba rairayi mai tsabta, busasshe, kaurin yatsa biyu. Rairayi dai ba sai an saya mana ba. Ɗora a kan gawayi, a rufe, ya yi minti goma sha biyar yana ɗaukar zafi. Gwajinsa: buɗe ki miƙa tafin hannu a cikin tukunyar ba tare da kin taɓa komai ba, in kin kasa ƙirga biyar, ya yi. Ki jera ƙananan duwatsu uku a kan rairayin ki ɗora kwanon a kansu, don kada gindinsa ya zauna kai tsaye a kan zafi. Rufe, ki kwashi garwashi ki baza a kan murfin.

A nan akwai abin lura. Tunda gaton ya riga ya gasu sau ɗaya, kuma ga sukari, ba ya son wuta mai ƙarfi. Wutar ƙasa ki rage ta sosai, ta sama ta ɗan fi ta. In kin ji ƙamshi mai daɗi, lafiya. In ya fara komawa ƙauri, janye garwashin ƙasa nan da nan. Kada ki riƙa buɗewa kina leƙe kamar mai jiran baƙo, duk buɗewa zafi ne ke gudu. Sai bayan minti 25 za ki duba. A tukunya yakan kai minti 35 zuwa 45, gwargwadon gawayinki. Kuma a tsakar gida za a yi, ko a madafa mai iska. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kuma kisa. Kwanon gashi ya zama na silba ko na ƙarfen girki, ban da gwangwanin fenti ko na man mota komai wankinsa.

Yaya za ki gane ya nuna? Wannan ita ce gaɓar da ta fi wuya, don tsakanin danƙo da ɗanye tazarar kaɗan ce. Girgiza kwanon a hankali da tsumma. Gefe ya tsaya cak, tsakiya ta yi ɗan rawa kamar kindirmon da ya kama. In tana kwaranya kamar kunu, da saura. Soka wuƙa a tsakiya: ta fito da laima da ɗan maƙalallen dabino, wannan danƙo ne; ta fito da farin ruwa na ɗiga, wannan ɗanyen ƙwai ne, mayar. Ɗanyen ƙwai ba abin wasa ba ne ga yara da masu ciki da tsofaffi. In kuma kin bar shi har wuƙa ta fito tas a bushe, kin wuce gona da iri, kin koma inda kika fito, gaton da ke neman ruwa.

Sauke shi ki rufe da abin da iska ke shiga, kamar faifai ko rariya, saboda ƙuda. Ya huta kamar minti arba'in. Da zafinsa in kin yanka, rushewa zai yi. Yana hucewa yake kama jikinsa.

Wata ta taɓa tambayata game da dabarar da ake gani a waya, ta dafa gwangwanin madara a rufe cikin ruwa na awa biyu ko uku har madarar ta koma ja kamar mazarƙwaila. Gaskiya ne tana komawa, da ita ma Turawan Ingila ke yin wani abin zaƙi da ayaba. Amma ni ba na ba da shawararta a gidan da ke da yara da hidimar Sallah. In ruwan ya ƙone kina can kina kwasar tuwo, gwangwanin na iya fashewa ya watsa tafasasshen sukari, ƙunarsa kuwa ta fi ta ruwan zafi muni don mannewa yake yi a fata. Dabino ya riga ya ba ki launin da ɗanɗanon.

(Gajeren kiɗa)

Saura maganar lokaci, kuma ita ce na fi so ku riƙe. A wasu shekarun Sallah ƙarama da babba cikin zafi suke faɗowa, watannin da ma'aunin zafi a ƙasar Damagaram ke haura digiri 40. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a waje. Mai-danƙo kuwa ƙwai ne da madara, abin da ƙwayoyin cuta suka fi so. Don haka ba a yi masa irin ta alkaki, a yi tun saura mako a zuba a kwalla a tura ƙarƙashin gado. Ki auna lokacin da baƙinki ke zuwa. In bayan saukowa daga idi ne, ki ɗora shi lokacin da maza ke fita. In da la'asar ne, bayan an dawo daga kallon hawan Sarki a birni, to da azahar za ki hura gawayi. Mai firigo da wutar da ke tsayawa tana iya ajiye shi kwana biyu. Wadda ba ta da shi, ta yi daidai wanda za a cinye, abin da ya ragu a miƙa wa maƙwabta tun da sauran rana. Kada a ƙulla shi a leda a ba mai mota ya kai wa ƴar uwa a Tasawa ko Maraɗi. Aiken nesa na alkaki ne da nakiya, su aka yi domin hanya.

Wajen yanka, ki raba kwanon gida goma sha biyu. Na san za a ce na cika rowa, to ku ji lissafin. Ko ba a ƙara sukari ba, abin da ke cikin rabin gwangwanin madara da gato da biskit ya haura giram 200, kafin a sa zaƙin dabino. In an raba sha biyu, kowane yanka na ɗauke da kusan cokalin shayi huɗu zuwa biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da babban mutum zai sha a yini kada ya wuce kimanin giram 50, wato cokalin shayi goma sha biyu, in ma ya tsaya a shida ya fi. Ranar Sallah kuwa ga lemun kwalba, ga zoɓo, ga shayi zagaye uku, ga alewar da yara ke tarawa gida-gida wajen yawon barka da Sallah. Mai ciwon sukari kada a lallashe shi da cewa ai na dabino ne. Dabino da zuma su ma suna ɗaga sukarin jini. A ba shi ɗan ɓalli don albarkar rana in likitansa bai hana ba, a cika masa faranti da nama. Wasu kuma sukan so su ɗiga zuma a sama don ƙyalli. Ba laifi ga manya, amma zuma da zaƙi da harbi: jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ba a ba shi zuma ko lasa ce, tana iya ɗauke da ƙwayar da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba.

Bana ƙanwata ta sake yi, wannan karon da rabin gwangwani da dabinon Bilma. Ta ajiye shi a tsakiyar tire, ta kewaye shi da alkakin da ta saya wurin wata tsohuwa a Birni, don ta ce ba za ta yarda surukarta ta shigo ba ta ga alkaki ba. Surukar ta fara da alkakin, kamar yadda aka zata. Can da hira ta yi nisa sai ta miƙa hannu ta ɗauki yanka ɗaya na mai-danƙo, ta ci, ba ta ce komai ba. Da za ta tafi ne ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi, ta ce, "Wannan abin naki, dabino nawa kika ce ana sawa?"

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga maganar alkakin kansa, tun daga ɓarzar alkama har zuwa yadda ake gane ruwan sukari ya kai. Wadda ke da tsohuwa a gida ta zaunar da ita kusa da rediyo, don ta gyara mana inda muka karkace. Sai mun ji daga gare ku. A huta lafiya, wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)